Farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba: Yadda ake yinsa da dalilin yawaita atisaye a asibitin karkara irin na Kambaza

Farfaɗo da jariri shi ne taimakon gaggawa da ake bai wa jinjirin da ya faɗo bai yi kuka ba kuma ba ya numfashi, domin iska ta shiga huhunsa kafin rashinta ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya tsayar da zuciya. A mafi yawan lokuta aikin ba ya buƙatar wutar lantarki, ko tukunyar oksijin, ko ma likita. Abin da yake buƙata shi ne zani mai tsabta, da jakar hura iska ta roba, da hannun da ya saba. Na ukun nan ne mai wuyar samu, domin ba a sayar da shi a kasuwa, kuma ko an same shi yakan dusashe idan aka daɗe ba a motsa shi ba.

Kambaza gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, kuma yana da babban asibiti na gwamnatin jiha wanda ƙauyukan da ke kewaye suke dogara da shi. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibiti irin wannan, akan tura mara lafiya zuwa Asibitin Sa Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ko kuma babbar cibiyar lafiya ta jiha da ke Kalgo. Wannan tsari yana da amfani ga mai karaya ko mai ciwon ƙoda. Jaririn da bai ja numfashin farko ba kuwa, ko garin Gwandu ya yi masa nisa, balle Kalgo. Duk abin da za a yi masa, wanda yake tsaye a ɗakin haihuwa a wannan lokaci ne zai yi shi, ko da ƙarfe uku na dare ne, ko da shi kaɗai ne a bakin aiki.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya a shekarar 2022 kafin su cika kwana 28, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa yana da nasaba da wahalar haihuwa da rashin numfashi. A yawan jariran da ake rasawa, Indiya ce kaɗai take gaban Najeriya. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna cewa a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda. Wanda aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya kawo 41. Wato yayin da mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu, ta jarirai sabbin haihuwa tana nan inda take, alhali alƙawarin da ƙasashe suka ɗauka shi ne a sauko da ita zuwa 12 nan da 2030.

A binciken na 2018 Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da 252 cikin 1,000. Ita ce kuma ta ƙarshe a yawan matan da ƙwararren ma'aikacin lafiya yake karɓar haihuwarsu, da kashi 3 cikin 100 kacal. Wannan yana da wata ma'ana ga asibitin karkara wadda ba kowa yake lura da ita ba. Inda mata suka saba haihuwa a gida, wadda ta zo asibiti sau da yawa ita ce wadda naƙuda ta gagara, ta kwana ta yini, aka gwada rubutu da saiwa, sannan aka nemi mota. Saboda haka ko da haihuwar da asibitin yake karɓa ba ta da yawa, masu hatsari a cikinta suna da yawa.

Abin da ke faruwa a minti na farko

Muddin jariri yana ciki, huhunsa cike yake da ruwa, kuma iskar da jininsa yake buƙata ta mabiyiya take zuwa masa. Da ya faɗo, dole cikin ɗan lokaci kaɗan ruwan nan ya kau, iska ta maye gurbinsa. Kukan farko shi ne alamar an yi wannan canji. A cikin jarirai 100 da suka cika wata tara, kimanin 85 suna fara numfashi da kansu cikin sakan 30. Kimanin 10 sai an goge musu jiki an murza musu baya. Kimanin 5 ne suke buƙatar a hura musu iska da jaka. Waɗanda sai an kai ga danna ƙirji ko yin allura ba su wuce 'yan ƙalilan a cikin dubu ba.

A nan ne jariri ya bambanta da babba. Dattijon da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, yawanci zuciyarsa ce ta fara tsayawa. Jariri kuwa numfashi ne yake fara ƙi, zuciyar tana ci gaba da bugawa na wasu mintoci, tana raguwa sannu a hankali. Don haka jinjirin da ya faɗo a sanƙame ko a lanƙwashe, jikinsa ya yi fari ko ya yi duhu, bai motsa ba, ba lallai ne ya mutu ba. Idan iska ta shiga huhunsa da wuri, zuciyar da kanta take farfaɗowa.

Kukan farko yana da matsayi tun daga zaure. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a Gwandu da sauran ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun rataya gādo da sallar jana'izar jariri a kan ya yi kuka bayan haihuwa. Hukunci ne na abin da za a yi bayan rai ya tabbata ko ya fita, bai hana a nema wa jaririn numfashi ba. Sai dai a aikace, a gida da asibiti, an daɗe ana ɗaukar shirun jariri a matsayin hukuncin ƙarshe: a naɗe shi a zani a ajiye gefe, a koma kan uwa, a rubuta cewa an haife shi ba rai. Ma'aikatan lafiya suna bambanta gawar jaririn da ya daɗe da rasuwa a ciki, wanda fatarsa ta fara saɓulewa, da wanda fatarsa take lafiya ƙalau. Na farko babu abin da za a yi masa. Na biyu a lokacin naƙuda ya rasu, ko kuma bai ma rasu ba tukuna.

Abubuwan da suke jawo rashin numfashi sanannu ne: doguwar naƙuda, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, jijjigar masu ciki, ɓallewar jini kafin haihuwa, igiyar cibiya ta riga jariri fitowa, zuwa da ƙafa ko kwanciyar gicciye, tagwaye, bakwaini, da kuma allura ko jiƙon ƙara naƙuda da ake bayarwa ba bisa ƙa'ida ba. Amma da yawa daga cikin jariran da suke ƙin numfashi babu wata alama da ta gabace su. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a shirya wa kowace haihuwa kamar ita ce za ta zo da matsala.

Yadda ake yin aikin

Tsarin da aka fi koyarwa a asibitocin karkara na Afirka da Asiya shi ne wanda Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka da abokan hulɗarta suka ƙaddamar a 2010 da sunan Helping Babies Breathe, wato taimaka wa jarirai su yi numfashi, aka kuma sabunta shi a 2016. Najeriya ta shigar da shi cikin kwas ɗin kula da sabbin jarirai da ake yi wa ungozomomi da nas-nas da ma'aikatan lafiya na matakin farko. Ginshiƙinsa magana ɗaya ce, wadda suka laƙaba wa suna mintin zinare: kafin minti ɗaya ya cika da haihuwa, ko dai jariri yana numfashi da kyau, ko kuma an riga an fara hura masa iska.

Aikin yana farawa tun kafin kai ya leƙo. A wanke hannu, a rufe taga, a kashe fanka, domin ana son ɗakin ya kai digiri 25 ko fiye, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a daren hunturu a Kebbi. A shimfiɗa zani a kan tebur mai faɗi inda akwai haske. A tanadi zannuwa biyu busassu da hula. A ɗauki jakar hura iska, wadda ma'aikata suka fi sani da Ambu, sunan kamfanin ƙasar Denmak da ya fara ƙera ta a shekarun 1950, a kifa marufinta a tafin hannu a matsa, a ji ko iska tana turo hannun. Sannan a san wanda za a kira idan abu ya ɓaci, a gaya masa tun da wuri.

Da jariri ya faɗo, sai a duba agogo, a goge shi sosai da zani na farko, kai da baya da ciki da ƙafafu, a jefar da jiƙaƙƙen zanin. Gugar nan kaɗai tana tayar da jarirai da yawa. Idan ya callara kuka, an gama: a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su, a jinkirta yanke cibiya minti 1 zuwa 3, a sa shi a nono cikin awa guda. Idan bai yi ba, sai a ɗan ɗaga haɓarsa yadda hanyar iska za ta miƙe, a murza masa baya sau biyu ko uku. Zuƙe majina da kaki, wanda a da ake yi wa kowane jariri, yanzu ba a yinsa sai an ga wani abu ya toshe baki ko hanci, domin zurfafa bututu a maƙogwaro yana iya rage bugun zuciya, ga kuma cin lokaci.

Idan har yanzu babu numfashi, ko kuma sai wata shessheƙa da yake ja jefi-jefi, wadda ba numfashi ba ce, sai a ɗaure cibiya a yanke, a kai shi tebur. Mai aikin ya tsaya ta wajen kansa, ya kifa marufin ya rufe haɓa da baki da hanci ba tare da ya hau kan ido ba. Marufi iri biyu ne, ƙarami na bakwaini da babba na cikakken jariri. Sai ya riƙa matsa jakar kimanin sau 40 a minti, idonsa a kan ƙirjin jaririn. Ƙirji yana ɗagawa, iska tana shiga. Ƙirji ba ya ɗagawa, aikin banza ake yi ko da an shekara ana matsawa. Gyaran kuwa a jere yake: a sake zaunar da marufin, a gyara kwanciyar kai, a duba ko akwai abin da ya toshe, a ɗan buɗe bakin, a ƙara ƙarfin matsawa. Bayan minti ɗaya ana hurawa sai mataimaki ya duba bugun zuciya, ko ta taɓa gindin cibiya ko da abin sauraren ƙirji. Fiye da 100 a minti alama ce mai kyau, sai a ci gaba har jariri ya karɓi numfashi da kansa.

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikata, suna zaton babu abin da za a iya yi idan babu oksijin. Binciken da aka yi a Indiya da Norwe da wasu ƙasashe a shekarun 1990 ya nuna iskar da kowa yake shaƙa ta isa a fara da ita, kuma ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 sun ce da ita za a fara wa jaririn da ya cika watanninsa. Waɗannan ƙa'idoji sun kuma ce idan an yi minti 10 ana hura iska yadda ya kamata ba a ji bugun zuciya ko kaɗan ba, ana iya dakatawa.

Akwai abubuwan da aka gada waɗanda ya kamata a bari: riƙe jariri ta ƙafa a zazzage kansa ƙasa, marinsa, watsa masa ruwan sanyi, kaɗa kwano ko tasa a kunnensa, da barinsa a ƙasa a jiƙe har sai mabiyiya ta faɗo. Masu yin su da kyakkyawar niyya suke yi, kuma jaririn da dama zai tashi da guga yakan tashi, sai a ce dabarar ce ta yi aiki. Wanda yake buƙatar iska kuwa, mintinsa ne ake cinyewa, ga sanyi da ake ƙara masa.

Me ya sa horo ɗaya ba ya isa

Duk abin da aka zayyana a sama ana iya koyar da shi a yini guda. Matsalar tana cikin lissafi. A ƙaddara asibiti yana karɓar haihuwa 50 a wata. Jariran da za su buƙaci jaka ba za su wuce biyu ko uku ba, kuma za su rabu ne tsakanin masu aikin safe da na rana da na dare. Ungozoma ɗaya tana iya yin wata huɗu ba ta riƙe jakar a kan jariri na gaske ba. Ranar da abin ya zo, ga uwa tana zubar da jini, ga dangi a bakin ƙofa, ga fitilar waya a hannun wani, hannunta zai nemi abin da ya saba ne, ba abin da aka rubuta a takardar shaida ba.

Wurin da aka fi nazarin wannan lamari shi ne Asibitin Haydom, wani asibitin mishan a karkarar arewacin Tanzaniya, mai nisa da kowane babban birni. A can aka sa masu lura su zauna a ɗakin haihuwa dare da rana da agogo a hannu, suna rubuta abin da aka yi wa kowane jariri da sakan ɗin da aka yi shi. Daga wannan rubutu aka gano cewa duk jinkirin sakan 30 wajen fara hura iska yana ƙara hatsarin mutuwa ko doguwar jinya da kashi 16 cikin 100. An kuma gano wani abu mai ɗaci. Bayan kwas na yini guda da aka yi wa ma'aikata a 2010, da aka gwada su a kan mutum-mutumi bayan wasu watanni sun nuna ci gaba, amma abin da suke yi wa jarirai na gaske bai canza ba.

Sai aka sauya salo a 2011. Aka ajiye mutum-mutumin a ɗakin haihuwa, aka sa kowa ya riƙa taɓa shi na minti 3 zuwa 5 a kai a kai, tare da zama mai ɗan tsawo sau ɗaya a wata. A shekarar da ta biyo baya mutuwar jarirai a awa 24 na farko ta sauko daga 11.1 zuwa 7.2 cikin 1,000. Abin lura shi ne yawan jariran da aka hura wa iska ma raguwa ya yi, domin an fi saurin gogewa da murza baya, da yawa sun tashi tun kafin a kai ga jaka. Wani nazarin da ya haɗa asibitoci 8 na Tanzaniya, wanda aka buga a 2013, ya sami raguwar kashi 47 cikin 100 a mutuwar rana ta farko, da raguwar kashi 24 a jariran da ake rubutawa an haife su ba rai alhali fatarsu lafiya. Adadi na biyun nan shi ne shaida mafi ƙarfi cewa wasu daga cikin waɗanda ake naɗewa a ajiye gefe da ransu.

A Najeriya ma an gwada. Wani bincike a asibitocin jihohin Ebonyi da Kogi ya kwatanta ma'aikatan da aka tara a wuri ɗaya aka yi musu horo irin na da, da waɗanda aka koyar a wurin aikinsu kaɗan-kaɗan suna maimaitawa, kuma bayan shekara guda rukuni na biyu ne ya fi riƙe ƙwarewar. Shirin lafiya na haɗaka da hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta ɗauki nauyi a Kebbi da Sakkwato da Bauchi ya yi amfani da irin wannan salo a cibiyoyin lafiya na matakin farko. Duk da haka bitar otal ta kwana biyar, da alawus da jaka da hoton rufe taro, ita ce har yanzu ta fi farin jini a ma'aikatu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tana da sauƙin sakawa a kasafi, tana da sauƙin rubutawa a rahoto. Atisayen minti biyar a ɗakin haihuwa ba ya samar wa kowa kuɗin kwana.

Yadda atisayen yake gudana

Mutum-mutumin da aka fi amfani da shi shi ne NeoNatalie, wanda kamfanin Laerdal na Norwe yake ƙerawa. 'Yar tsana ce ta roba da ake cikawa da ruwan ɗumi, sai ta yi nauyi da laushi irin na jinjiri. Ƙirjinta yana ɗagawa ne kawai idan an kwantar da kai daidai kuma marufi ya zauna. A jikinta akwai 'yan robobi da abokin aiki yake matsawa don ya kwaikwayi numfashi, ko bugun cibiya, ko kuka. Ba ta buƙatar batir.

Mutum biyu suke yi. Ɗaya ya zama mai karɓar haihuwa, ɗayan ya riƙe agogo da robobin, ya kafa labari: mace ce mai cikin fari, ta kwana biyu tana naƙuda, ga jariri ya faɗo shiru. Mai aikin ya yi komai da hannu kamar gaske, ba da baki ba. Idan an gama sai a tambaye shi abin da ya ga ya yi daidai da abin da zai gyara, sannan a gaya masa a sakan na nawa iskar farko ta shiga. Sai su yi musaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne na miƙa aiki, sa'ad da masu tashi da masu kamawa suke tare. A rubuta suna da kwanan wata a littafi.

Kurakuran da atisaye yake tonowa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ɓata lokaci wajen zuƙe majina, iska tana zurarewa ta gefen marufi, lanƙwasa wuya fiye da kima, matsa jaka da sauri saboda ruɗewa, da kallon jaka maimakon kallon ƙirji. Yakan kuma tono abin da ba laifin hannu ba ne. Sai an tashi yi ake gane cewa jakar tana kulle a ofishin shugaba, ko marufin bakwaini ya ɓata, ko an wanke ta an mayar da wani ɓangare a juye, ko babu agogo mai hannun sakan a bango. Gara a gano wannan a kan 'yar tsana. Wanke jakar ma darasi ne: a warware ta, a wanke da sabulu, a tafasa ko a turara, a shanya, a haɗa, a sake gwadawa.

Sharaɗin da ya fi kowanne wuya shi ne kada atisaye ya zama wurin tozarta mutum. Idan babbar ungozoma mai shekara ashirin a aiki ta san za a yi mata dariya a gaban ɗalibai daga makarantar jinya ta Birnin Kebbi ko ta kimiyyar lafiya ta Jega, ba za ta taɓa 'yar tsanar ba. Kuma bai kamata a taƙaita shi ga ungozomomi ba. Tun 2014 manufar gwamnatin tarayya ta raba ayyuka ta amince wa ma'aikatan lafiya na al'umma da aka horar su karɓi haihuwa su kuma farfaɗo da jariri, kuma a karkara su ne sukan kwana a bakin aiki. Hatta mai shara da mai gadi suna da rawa: ɗaya ya ƙirga lokaci da ƙarfi, ɗaya ya riƙe fitila ko ya ruga kiran likita. Inda kowa ya iya, canjin wurin aiki da aka yi wa mutum ɗaya ba ya kwashe ƙwarewar asibiti gaba ɗaya.

Bayan jariri ya yi kuka

Iyaye sukan ji tsoron cewa jaririn da aka farfaɗo da shi zai tashi da naƙasa. Mafi yawan waɗanda aka hura wa iska da wuri suka kuma amsa da wuri suna girma lafiya. Hatsarin shanyewar gaɓoɓi da farfaɗiya yana ga wanda ya daɗe babu iska, ko a ciki ko bayan fitowa. Don haka ake sa ido a kansa: a bar shi a ƙirjin uwa, a riƙa duba numfashi da ɗumin jiki da kama nono. Jijjiga, ko kasa tsotso, ko numfashi fiye da 60 a minti, ko lotsawar ƙirji, ko nishi, alamu ne na a tura shi babban asibiti. A nan ne Birnin Kebbi da Kalgo suke shigowa. A tafi da shi manne da fatar uwa ko ta wani ɗan uwa, da takardar abin da aka yi masa, da ma'aikaci riƙe da jakar.

A ƙasashe masu arziki akan sanyaya jikin irin waɗannan jarirai da na'ura na kwana uku don kare ƙwaƙwalwa. Babban gwajin da aka yi a Indiya da Sri Lanka da Bangladesh, wanda aka buga a 2021, ya nuna dabarar ba ta taimaka a can ba, mutuwa ma ƙaruwa ta yi. Saboda haka kada wanda ya ji labarinta a intanet ya sa wa jariri ruwan sanyi ko ƙanƙara.

Jakar tana da iyaka. Ba ta gyara ɓarnar naƙudar kwana biyu. Wannan sai awon ciki, da zuwa asibiti da wuri, da sauraren zuciyar jariri a lokacin naƙuda, da tiyata idan ta kama. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata mabuƙata, amma sai mace ta iso kafin a yi mata. Izinin fita da maigida zai bari tun kafin ya tafi kasuwar Jega ko gona, da kuɗin mota da aka ware, da direban da aka yi magana da shi, duk suna cikin shirin. Ungozomar gargajiya kuma tana iya rabin farko na aikin ba tare da wani kaya ba: gogewa, murza baya, ɗumamawa, da rashin jiran mabiyiya. Maƙwabciya Sakkwato ta nuna a 2013 cewa ana iya kai abu mai sauƙi har ɗakin mai jego, lokacin da ta fara raba man shafa wa cibiya na kulohezidin gida-gida.

Ga 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ci gaban gari masu son taimaka wa asibitin mahaifarsu, jakar hura iska da marufanta biyu ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba, kuma ɗakin haihuwa yana buƙatar aƙalla biyu, domin tagwaye da kuma lokacin da ɗaya take shanya. Ga jami'in da ya je duba aiki daga ma'aikatar lafiya ko kwamitin ci gaban mazaɓa, tambayoyi uku sun fi tarin takardun shaida bayyana gaskiya: a nuna masa jakar a inda take a yanzu, a nuna masa littafin atisaye da kwanan watan ƙarshe da aka sa hannu, sannan a buɗe rajistar haihuwa a ga ko ana rubuta cewa an ji bugun zuciyar jariri lokacin da uwarsa ta iso. Idan an ji shi a lokacin isowa kuma aka rubuta an haife shi ba rai, wannan shi ne layin da kwamitin bitar mace-macen mata da jarirai na asibitin zai fara tsayawa a kai a zamansa na wata.